Kwalba ta Bakwai

A gaban gawar mahaifinta ta rantse sai ta ga bayan wanda ya kashe shi. Matsalar dai, wanda ya kashe shin bai kai tsinin allura girma ba.

Wani irin yis ne, ƙwayar halitta mai zama a fatar mutane, mai son maiƙo, ba ruwansa da kowa. Sai ya sami hanya ta siririyar robar da aka zura wa Baba a jijiyar wuya, ya tara iyali a ciki, suka lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa. Daga nan sai jini. Kwana tara aka yi jana'iza.

Shekararta goma sha huɗu a ɗakin gwaji na asibitin da Baba ya kwanta, ta san yis ba shi da ƙafa. Hannu ne ya kai shi. Ta ma san hannun: na nas ɗin nan Mai Zobba, wadda ke wanke hannu kamar ruwan zai cije ta. Ba a banza ita da kanta take zuwa kullum da safe ta ɗaga filastar da ke kan robar ta duba aikin nas-nas ɗin ba, ta shafa wa Baba mai, ta mayar ta manne.

"Ki bar wa Allah, ƙanwata," in ji yayanta.

"Na bar masa, Yaya. Sakamakon gwaji kawai nake jira."

Wata uku tana rubuta ƙorafi, tana sosa amosanin kanta da gindin biro, har aka kafa kwamiti. Sharuɗɗan ma ita ta tsara. A goge hannun kowane ma'aikacin sashen da auduga, su goma sha ɗaya. A sa kowace auduga a kwalba, a aika gwaji wani gari inda ba su da ɗan'uwa. A sa lambobi maimakon sunaye. Wanda yis ɗinsa ya dace da na robar a kira sunansa a bainar jama'a, kada kuma ya sake kusantar majinyaci. Kwalabe goma sha biyu ta naɗe da hannunta ta miƙa.

Ranar sakamako ta sa sabon mayafi, ta zauna daidai inda za ta ga fuskar Mai Zobba.

Shugaban kwamiti ya farke ambulan. "Guda ɗaya ce ta dace. Lamba bakwai." Ya buɗe takardar sunaye, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Malama, da za mu ɗan keɓe."

"A bainar jama'a muka ce, ranka ya daɗe."

Mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya karanta.

Kwalba ta bakwai ita ce wadda ta ƙara daga tafin hannunta, don kwamiti ya ga yadda hannu mai tsabta yake.