Motar da Ba Ta Tsayawa

Tun da aka kawo motoci masu tuƙa kansu, babu motar da ta sake kaɗe mutum. Ko akuya ce ta gitta, sai mota ta ƙame. 'Yan fashi suka gane haka, ɗayansu ya tsaya a tsakiyar titi kawai, shi ke nan.

Jatau kuwa yana da jar motar da ya gada wurin mahaifinsa, mai silinda takwas. Tsofaffin unguwa kan taru su saurari rurinta. Baba Ilu, tsohon direba, yakan ce, "Wannan ce mota! Maganar ƙafa kaɗai take ji."

Ran nan da hantsi Jatau ya ɗauki Innarsa zuwa Funtuwa wankin ƙoda. Yana haye gada ya tarar da sababbin motoci a jere, ana fisgo fasinjoji ana sara da adda. Wani saurayi ya sha gabansa, ya ware hannuwa yana dariya.

"Jatau, birki!" Inna ta ƙwala ihu.

Ya dubi addar, ya dubi jinin da ke kan kwalta, ya danna totur. Saurayin ko matsawa bai yi ba, don tun da aka haife shi bai taɓa ganin motar da ba ta tsayawa ba. Da dariyarsa ya shige ƙarƙashin taya. Har a sitiyari Jatau ya ji karyewar ƙasusuwa.

Da suka dawo da la'asar, Baba Ilu ya shafa motar. "Ɗan taka mana ita mu ji mana."

Jatau ya durƙusa yana zaro silifas ɗin saurayin da ya maƙale a gaban motar.

"Yau na taka ta, Baba."