Aikin Da Bai Zo Ta'aziyya Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa.

Shekara biyu bayan rasuwar mijin 'yata, manemin da take so ya zo ɗakin karatuna da la'asar. Na tambaye shi sana'arsa, kamar yadda ya wajaba a kan uba.

"Baba, tallar sababbin kuɗaɗen intanet nake yi ta waya. Ina yaɗa saƙonnin kamfanoni, su sallame ni da kuɗin nasu."

'Yata tana tsaye a bakin ƙofa. Wannan shi ne aikin marigayin.

Ta ce, "Ba kanikanci ka ce mini ba?"

"Na bar gareji, ranki ya daɗe. Wannan ma sana'a ce, ba wasa ba."

"Shekara huɗu marigayi yana yi musu. Da ya rasu, ko mutum ɗaya daga cikinsu bai zo gaisuwa ba, domin ba su san sunansa ba. Bayan kwana uku wayarsa ta kawo saƙo, wai ya makara wajen aiki, an cire shi."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ba shi ba ne."

"Haka shi ma yake sunkuyar da kai."

Sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Hannunsa ya tafi, ya tsaya a hanya. Ita kuwa hannun take kallo.

"Ɗauka mana, suna jiranka."

Ya ciro wayar. Kafin ya ɗago, ta shige ciki.

Allah Ya jiƙan wanda ya tafi, Ya tausaya wa wadda ya bari.