Ashana da Kati

"Baba, kwalin ashana ɗaya ma da kati?" in ji 'yarsa daga bakin ƙofar shago, ko jakarta ba ta ajiye ba. "Duk cinikin kati sai banki ya yanki nasa. A ƙaramin kaya irin wannan, cajin ya fi ribar. Banki kake yi wa bauta."

Tsohon ya ci gaba da goge na'urar karɓar katin banki da gefen rigarsa. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake wuni a shagon.

"Ga ta da nawar tsiya," in ji ta, "sai mutum ya ƙosa kafin kuɗi su shiga. Ka ce ƙaramin ciniki sai da tsabar kuɗi. Ko in kawo maka sabuwa mai sauri."

"Bar min abata."

"Asara fa kake yi."

"Na sani. Mai tsaba ajiyewa yake ya wuce, ko fuskata ba ya kallo. Mai kati kuwa dole ya jira, har ya tambaye ni ya ƙarfin jiki."

Ta sauke hannun da take duba agogo. A waje mota na jiranta.

Ya miƙo mata na'urar.

"Ke ma sayi wani abu mana. Da kati."