Tashar Da Ba Ta Shiga Rami

Sai da Shugaba ya gyara wuyan rigarsa kafin ya ɗauki makirufo, kamar rediyo na nuna fuska.

Babbar motar inabi ce ta kama wuta a tsakiyar rami, wato hanyar motar da ta ratsa cikin dutse. Muna ɗakin lura, muna kallo a allo. Muryarsa ta katse rediyon motocin da Turanci mai maiƙo, yana cewa kowa ya kashe mota ya bi koriyar fitila zuwa mafita.

Kowa ya fita, ban da wata ƙaramar bas. Hayaƙi na matsowa, fasinja goma sha shida na zaune.

"Mutanen nan ba sa jin magana," in ji shi.

Na ce a hankali, "Ranka ya daɗe, tashar harshen Xhosa suke ji, shi ya sa sanarwarka ba ta kai gare su ba. Kai ka cire ta daga ramin, ka ce surutu ce."

"To a yi musu ta lasifika!"

Ya sake zuba Turanci, amsa-kuwwar dutse ta dagula shi. Mama mai shayi ta ajiye tire.

"Yaro, faɗa musu da Xhosa, harshen da uwarka ta yi maka wanka da shi. A ƙauye ba da Turanci kake kuka ba."

Ya dubi Turawan da muke aiki tare a ofis, ya sauke makirufon.

Ta karɓe makirufon ta yi tsawa ɗaya da Xhosa, irin wadda ake yi wa yara a bakin murhu. Ƙofar bas ta buɗe.

Muna ƙirga masu fitowa, Shugaba ya ja ƙofa ya fice.