Kuskuren Malam De Wit

Tun da aka shigo aji ƙafar Sjoukje Terpstra ba ta daina kaɗawa a ƙarƙashin tebur ba. Gahawarta ta huce, rigar ruwanta na ta ɗiga a bayan kujera. Yau ne zama na ƙarshe, kuma rabin makin darasin nan da baki ake cinsa. Wata uku ba ta ce uffan ba. Farfesa Van Woerkom ya riga ya faɗa mata a ofis: in yau ma ta yi shiru, babu takardar shaida. Aikin da aka yi mata alkawari a birnin Utrecht kuwa, takardar yake jira.

Labarin wani kamfani da aka raba musu don nazari shafi goma sha huɗu ne. Kowa ya cika nasa da jan biro. Nata fes yake. Sakin layin farko kawai ta karanta jiya, ta kife shi, ta fita yawo cikin ruwan sama.

Kamfanin kekuna ne. Masana'antu biyu ke kawo musu birki, sai manajan sayayya, wani Malam De Wit, ya sallami ɗaya ya dogara da ɗaya. Ambaliya ta cinye wadda ya riƙe. Keke dubu arba'in suka yi ta jiran birki a sito har lokacin ciniki ya wuce. Kamfani ya rufe, mutum ɗari uku suka koma gida.

"Wannan ko kantin cuku ba zan ba shi tsaro ba," in ji Bastiaan, wanda bakinsa ba ya hutawa a layin gaba. Aji ya tuntsire da dariya.

Farfesa ya bi jerin sunaye da yatsa, kamar yadda yake yi in zai damƙi wanda bai ɗaga hannu ba.

"Malama Terpstra. Ke ce De Wit yau. Kare kanki."

Ta miƙe, ta tuna a nan ba a miƙewa, ta koma ta zauna.

"Ba don arha ya sallame su ba," ta ce. "Birkinsu ba ya kamawa in ya jiƙe. Sau uku aka gwada. Wata yarinya ta faɗa kan layin jirgin ƙasa a kan irin keken..."

Takardu suka shiga ƙara, kowa na neman shafin.

"Anti, a wane shafi?" Bastiaan ya juyo. "Ko naki bugun na manya ne?"

Farfesa ya ɗaga hannu, dariya ta lafa. "Kin san ƙa'idarmu. Abin da babu a takarda, babu shi a aji. Marubutan kan sauya sunaye su ɓoye kamfani, amma abin da ya kamata mu sani sun sa shi." Ya dubi agogo. "Saura minti huɗu. Daga abin da ke gabanki, a kore shi ko a bar shi?"

Biron farfesa na rataye a kan sunanta. Ta dubi biron, ta dubi taga, inda ɗaruruwan kekuna ke jere cikin yayyafi. Ƙafarta ta tsaya cak.

"A kore shi," ta ce. Ba ta buɗe takarda ba ta jero dalilai: bai nemi madadi ba kafin ya sallama, bai tara birkin ko-ta-kwana ba, bai kai gargaɗinsa ga shugabanni a rubuce ba. Ta faɗi kwana nawa kaya ke yi a hanya, da ranar da layin haɗa kekuna ya tsaya.

Bastiaan ya yi fito. "Kai! Anti ba ta da imani. Allah Ya sa mutumin ba ya ji."

Farfesa ya yi rubutu a gaban sunanta, ya gyaɗa kai. Ta ci.

A waje ta daɗe tana fama da makullin kekenta. Ba ta ga laifin marubutan ba da suka sauya garin, suka mayar da keke dubu talatin da shida dubu arba'in. Cire yarinyar ma, lauyoyi ne suka sa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, shekara goma sha ɗaya ta yi a kan kujerar manajan sayayya ta kamfanin nan, amma da suka tashi ba da labarinta sai suka mayar da ita namiji.