Ɗankwalin Rifkatu

A hutun bazara, matasan coci suka je ƙauyen Nansha gyara wa wata tsohuwa rufin da guguwa ta yaye. Babayo, ɗan kasuwar Kano da ya ba su kwano kyauta, ya sauko daga tsani, ya saci kallon Rifkatu, ɗaya daga cikin matasan, sannan ya durƙusa gaban yayanta Istifanus.

"Yaya, auren Rifkatu nake nema."

Istifanus ya kwaɗa masa ƙotar guduma a goshi. Jini ya ɓalle.

"Uban wa ne yayanka? Ke, wuce mota!"

Rifkatu ba ta taɓa yi masa musu ba. Amma sai ta zare ɗankwalinta a gaban kowa, ta durƙusa tana ɗaure wa Babayo raunin.

"Yaya," ta ce a hankali, "matsa, ka tare mini haske."