Hannun Baba a Ƙeyata

Ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi Baba ya tafi da ni Yamai, muka shiga gidan namun daji. A shekarar nan mushenmu, malamin ajinmu, ya dage mana cewa yaro mai ilimi cikin ido yake duban mutum.

Wani goggon biri na zaune bayan ƙarafa, yana ɓare rake a natse. Na matsa kusa, na zuba masa ido yadda aka koya mini. Ya ajiye raken. Ya miƙe, ya bugi ƙirji, ya taho ya girgiza ƙarafan.

Baba bai fizge ni ba. Tafin hannunsa mai kaushin hauya ya sauka a ƙeyata, ya sunkuyar da kaina a hankali, shi ma ya sunkuya.

"Babba ne, kuma gidanai muka zo," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba a kafa ma babba ido."

Muka ja baya kaɗan-kaɗan. Birin ya koma ga rakensa.

Baba ya daɗe da rasuwa. Amma har yau, in gardama ta yi zafi na fara zare wa mutum ido, sai in ji nauyin hannun nan a ƙeyata.